Darasi Domin Manoma: Zaɓen Injin Feshi na Goyo

Kowane manomi ya sani ba shuka ce ke ba da wahala da damina ba, ciyawa ce. Shuka aikin kwana biyu ne ko uku. Amma tun daga ran da hatsi ya tsiro har ran da ya rufe ƙasa, manomi da ciyawa tsere su ke yi, wanda ya riga kuwa shi ke da gona. A dā gayya ta kan fid da mutum kunya, ko kuwa 'ya'yansa su kama masa. Yanzu yara suna makaranta, gayya ta yi wuya, kuɗin ƙwadago kuma ya kan hau daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Domin wannan mutane da yawa suka koma ga maganin ciyawa, har ya zama da wuya ka bi hanyar gona da sassafe ba ka gamu da mai injin feshi goye a bayansa ba.

Cikin wannan darasi za mu duba yadda mutum zai zaɓi injin nan. Kada wani ya ce ƙaramar magana ce. Wanda ya sayi mugun inji, ko ya sayi mai kyau amma bai san kansa ba, yana iya hasarar kuɗin magani, ya ƙona amfaninsa da na maƙwabcinsa, har ya jawo wa jikinsa ciwon da ba ya jin magani.

Asalin injin nan daga ƙasar Faransa ya ke. Wata cuta ce ta faɗa wa gonakin inabi, sai a shekara ta 1885 wani malami mai suna Millardet ya bayyana maganinta, ba da daɗewa ba kuma wani maƙeri mai suna Vermorel ya fito da tulun tagulla mai famfo wanda mutum zai goya yana yayyafa maganin. Watau tun farko domin cutar ganye aka yi shi, ba domin ciyawa ba. Maganin ciyawa daga baya ya zo: wanda a ke kira 2,4-D ya shiga kasuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, farakwat a 1962, gilifoset kuwa a 1974. Ku riƙe wannan, gama har wa yau yawancin injunan da a ke sayarwa da shirin feshin ƙwari su ke zuwa, mai son feshin ciyawa sai ya sāke musu shiri.

Ka tambayi gonarka tukuna

Kafin ka tambayi mai kanti, ka tambayi gonarka. Idan masara ce zalla, ko shinkafa, ko kuwa saura ce wadda tofa da kiri-kiri suka cinye kana so ka buɗe ta, inji zai yi maka amfani ƙwarai. Tofa ba ta jin fartanya, gama saiwarta tana tafiya ƙarƙashin ƙasa, kana sara tana tohowa. Gilifoset kuwa ta ganye ya ke shiga, ya gangara har saiwa, ya kashe ta cikin mako ɗaya ko biyu.

Amma yawancin gonakinmu haɗe su ke: gero da dawa, wake a tsakani, gyaɗa a gefe, ga kuɓewa da yakuwa da rama da kabewa na uwargida. Maganin da masara ke jurewa, kamar atirazin, shi ne ajalin wake da gyaɗa da kuɓewa. Har ila yau akwai ganyayen da ba wanda ya shuka su, amma su ke riƙe da tukunya a tsakiyar damina, kamar su tafasa da lalo da gasaya da karkashi. Mai feshi ciyawa ya ke ganinsu, mai dafa abinci kuwa miya ta ke gani. Ina ganin wajibi ne maigida ya zauna da uwargida su raba gonar tun da wuri, a san inda za a fesa da inda fartanya za ta ci gaba da aikinta.

Wanda kuma ƙuduji ne ya dame shi, watau wuta-wuta, kada ya sa zuciya ga inji. Ƙuduji yana shan jinin dawa tun yana ƙarƙashin ƙasa, kafin ya fito a gan shi ya riga ya yi ɓarna. Maganinsa taki ne, da juya shuka, da tuge shi kafin ya zub da iri, da shuka irin da ke jure masa, wanda masu bincike na Samaru ta Zariya da na IITA suka fitar.

Girman tanki

Injunan goyo da a ke samu a kasuwanninmu yawancinsu masu cin lita 15 ne, ko 16, ko 20. Mai saye ya kan ce a ba shi babba, domin kada ya yi ta komawa ɗibar ruwa. Amma sai a tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 20 idan ya cika, aka haɗa da nauyin injin kansa, ya kusa kilo 25, watau rabin buhun taki ke nan a bayanka, kana tsallaka kunya, hannu ɗaya yana famfo, ɗaya yana riƙe da sanda. Ƙaƙƙarfan saurayi zai iya. Dattijo kuwa, ko mace, ko mai ciwon baya, gwamma ya ɗauki mai lita 15. Gajiya ba baya kaɗai ta ke ɓatawa ba, har da aiki, gama wanda ya gaji tafiyarsa ta kan sāke, maganin kuma ya yi yawa a wani wuri ya kasa a wani.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi tun yana gida. Hekta ɗaya, watau eka biyu da rabi, ta kan ci wajen lita 200 na ruwa, cikin durom ɗaya ke nan. Mai tanki na lita 20 zai cika sau goma, mai na 15 kuwa sau goma sha uku da ɗan ƙari. Idan fāɗin feshinka mita ɗaya ne, kafin ka gama hektar nan ka yi tafiyar kilomita goma. Saboda haka inda ruwa ya ke ya fi girman tanki muhimmanci. Ka kai durom bakin gona da amalanke tun jiya. Ruwan kuma ya zama garau, gama laka tana toshe inji, tana kuma kama gilifoset da farakwat ta kashe ƙarfinsu tun suna cikin tanki. Mutane da yawa da ke kuka an sayar musu da jabun magani, da za a bincika, ruwan kududdufi ne ya ci kuɗinsu.

Famfo

Famfon injin goyo iri biyu ne. Akwai mai fistan, wanda ke hawa da sauka cikin bututu kamar famfon keke. Akwai kuma mai faifan roba, wanda ke kumbura yana lotsawa kamar zugazugin maƙeri. Mai fistan ya fi ba da ƙarfin matsi, ya dace da feshin itatuwa da dogon amfani. Amma idan ruwa yana da yashi, ko maganin na gari ne wanda a ke damawa, a kwana a tashi sai ya goge robar fistan da bututun, inji ya fara yoyo. Mai faifan roba ba shi da abin da ke gogar juna, saboda haka ya fi haƙuri da maganin gari. Feshin ciyawa kuwa ba ya bukatar matsi mai yawa. CP15 da CP3 na kamfanin Cooper Pegler masu faifan roba ne, na fari lita 15, na biyu lita 20. Jacto na ƙasar Barazil, wanda manoma da yawa suka sani, mai fistan ne. Dukansu suna aiki idan sun sami mai kula da su, ba na kuwa cewa lalle sai ɗayansu, gama akwai waɗansu nagari. Abin da zan ce shi ne, da za a ba ni zaɓi domin ciyawa kaɗai, mai faifan roba zan ɗauka.

Yanzu kuma akwai masu batir. Daɗinsu shi ne hannu yana hutawa, feshi kuma yana fita bai ɗaya. Amma sai ka tambayi kanka inda za ka riƙa cajinsa, ka kuma sani batirin da aka bari duk rani ba caji ya kan mutu. Idan za ka saya, nemi wanda ke da hannun famfo tare da batir, domin in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi, wanda kuma a ke iya rage ƙarfinsa. Injin nan mai shan fetur, mai hura magani kamar hazo, ba na ciyawa ba ne sam. Wanda ya zuba maganin ciyawa a cikinsa, unguwa guda zai yi wa feshi.

Kan feshi

A nan ne zan daɗe, gama a nan ne yawancin ɓarna ta ke. Kan feshi shi ne ɗan abin nan da ke bakin sanda, wanda waɗansu ke kira nozul. Bai kai kan yatsa ba, kuɗinsa kuma kaɗan ne, amma shi ke yanka hukunci a kan yawan ruwan da zai fita, da girman ɗigonsa, da wurin da zai sauka.

Wanda ya kan zo cikin kwali tare da inji, sau da yawa na farin ƙarfe ne ko na tagulla wanda a ke murɗawa, yana fid da ruwa a kewaye kamar mazurari, ɗigonsa ƙanana kamar raɓa. Wannan na ƙwari ne da cutar ganye, gama a can a ke so magani ya shiga ƙarƙashin ganye da ko'ina. Amma ɗigon da ya yi ƙanƙanta ba ya sauka inda aka aike shi. Iska kaɗan ta isa ta ɗauke shi ta kai kan tumatir ko audugar maƙwabci. Bayan kwana kaɗan ganye ya murɗe, maƙwabci ya zo da fushi, mutanen da suka yi shekaru suna zama a benci ɗaya su daina gaisawa. Na zauna sulhun irin wannan magana, ban kuwa ji daɗinta ba, domin wanda ya yi ɓarnar bai yi da nufi ba, wanda aka yi wa kuma gaskiyarsa ce.

Na ciyawa iri biyu ne. Akwai wanda ke fid da ruwa a baje kamar mafici. Akwai kuma wanda ruwa ke fitowa ya bugi wani ɗan leɓe sa'an nan ya bazu ƙasa, ɗigonsa manya. Wannan na biyun shi ya fi dacewa da mai goyo, gama yana aiki da matsi kaɗan, ba ya saurin toshewa, iska kuma ba ta cika ɗaukar ruwansa ba. Irin na Cooper Pegler da a ke kira Polijet launi huɗu ne, kowane launi da aikinsa. Rawaya yana rufe fāɗin rabin mita, kore mita ɗaya, shuɗi mita ɗaya da rabi, ja kuwa mita biyu. Koren yana fid da lita 1.2 a minti ɗaya, jan kuma lita 2.4. An shirya su ne yadda idan mutum yana tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya, kowanne ya ɗauka a cikinsu lita 200 zai zuba a hekta. Ja na buɗaɗɗen fili ne kafin shuka ta fito, rawaya da kore na bin tsakanin layi. Sai dai a lura, launin wani kamfani ba lalle ya yi daidai da na wani ba, saboda haka kada a dogara ga launi kaɗai ba tare da gwaji ba.

Matsi kuma a ke aunawa da awon da a ke kira bar. Ciyawa bar 1 ta ke so, ƙwari kuwa wajen bar 3. Cikin tankin CP akwai wani ɗan maɓalli mai alamar L da H. L na ciyawa ne, H na ƙwari. Na ga mutanen da suka yi shekaru da injinsu ba su taɓa leƙawa sun gan shi ba. Injin da ba shi da wannan, a kan sami wani ɗan makulli da a ke ɗaurawa a bayan kan feshi, wanda ke tsare matsi kada ya wuce iyaka. Idan ka same shi ka saya. Mutum ya kan ɗauka in ya ƙara ƙarfin famfo ya ƙara aiki, alhali kuwa ɗigo ya ke farfasawa yana ba iska.

Ka riƙe sanda wajen rabin mita bisa ciyawa, kamar tsayin gwiwa, ka riƙe ta tsaye wuri ɗaya, ƙafarka ce za ta yi tafiya. Kaɗa sanda dama da hagu kamar mai yayyafa wa daɓe ruwa, shi ke sa bayan mako biyu ka ga gona ta yi rōɗi-rōɗi. Idan kuma tsakanin layin amfanin da ya riga ya fito za ka bi da maganin da ke kashe kome, sai ka sa wa bakin sanda 'yar rumfar roba wadda a ke sayarwa domin wannan. Da sassafe a ke feshi sa'ad da iska ta kwanta, ba da tsakar rana ba, ba kuma sa'ad da hadari ya haɗu ba.

Kan feshi yana tsufa. Raminsa ya kan buɗe a hankali, ido ba ya gani, amma magani yana ƙara zuba. Sāke shi kowace damina ya fi arha bisa ga maganin da zai ɓatar. Idan ya toshe, a kwance shi a wanke da ruwa da tsinken ciyawa mai laushi ko tsohon buroshi. Kada a soka masa allura ko waya. Kada kuma, ina roƙonku, a sa shi a baki a hura.

A wurin mai kanti

Kada kunya ta hana ka gwada abin da za ka biya kuɗinsa. Ka roƙa a zuba ruwa a ciki, ka goya, ka yi famfo. Ka karkata dama da hagu, ka sunkuya kamar za ka ɗauki abu, ka ji ko murfi yana zub da ruwa a wuyanka. Ka shafa gindin tanki da mahaɗin tiyo da wurin kunama, ka ga ko hannunka ya jiƙe. Ka saki kunama ka duba ko feshi ya tsaya nan take ko yana ɗiga. Injin da ya yi yoyo da ruwa a kanti, da dafi zai yi yoyo a gona, a bayanka kuwa zai zuba.

Bakin tanki ya zama mai fāɗi yadda hannu zai shiga wanki, da rariya mai zurfi a ciki, da wata ƙaramar matata a hannun sanda ko a bayan kan feshi. Maɗaurin kafaɗa ya zama mai fāɗi, wanda ba ya shan ruwa, gama mai soso ya kan tsotse magani ya riƙa mayar maka da shi kowace rana. Alamun lita su fito sosai a jikin tanki. Gindinsa ya zauna daram a ƙasa. Bahago kuma ya tambaya ko a kan juya hannun famfo zuwa ɗaya gefen, gama da yawa a kan juya su.

Tambaya ta ƙarshe ita ce babba: ina kayan gyaransa? Ka ce a nuna maka robobinsa, da faifan ko fistan, da kunama, da tiyo, a nan cikin kantin, ba a ce maka za a kawo daga Kano ba. Robar da ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba ta kan kwantar da inji mako guda a tsakiyar damina, mako guda kuwa ya ishi gyazama ta kere masara. Sanannun injuna suna da masu kwaikwayonsu, launi ɗaya, suna kusan ɗaya, sai roba marar kauri. Idan kuɗin ya yi arha har ya ba ka mamaki, ka tafi da wanda ya daɗe yana aiki da na ainihi ya duba maka. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, gwamma su haɗa kai su uku ko huɗu su sayi nagari ɗaya, da kowa ya sayi wanda zai yar kafin kaka.

Gwajin tafiya

Ka kawo inji gida, amma da sauran aiki ɗaya kafin magani ya shiga cikinsa. Takardar da ke jikin kwalba ta kan faɗi yawan maganin da hekta za ta ci. Manomi kuwa so ya ke ya san nawa zai zuba a tanki. Abin da ke haɗa biyun nan shi ne tafiyarka, ba kuwa wanda zai auna maka ita sai kai.

Ga yadda a ke yi. Ka cika tanki da ruwa zalla har kan alama. Ka auna fāɗin da feshinka ke jiƙawa a busasshiyar ƙasa. In mita ɗaya ne, sai ka auna tsawon mita 50 cikin gonarka, ka fesa ka tafi ka komo da irin tafiyar da za ka iya yi duk safiya. Ka rufe murabba'in mita 100 ke nan, kashi ɗaya cikin ɗari na hekta. Sa'an nan ka auna ruwan da zai mai da tanki kan alamarsa. Abin da ka samu ka riɓa shi sau ɗari.

A ce lita 2 ka samu. Kana zuba lita 200 a hekta ke nan, tanki goma na lita 20. Idan takarda ta ce lita 4 na magani a hekta, kowane tanki zai sami mililita 400, mai lita 16 ya sami 320, mai lita 15 kuwa 300. To, ga maƙwabcinka mai tafiya a hankali, shi lita 3 ya samu, watau tanki goma sha biyar a hekta. Idan ya kwaikwaye ka ya zuba 400 a kowane tanki, lita 6 zai ƙarar inda 4 ta isa, ya yi hasarar kwalba biyu, wataƙila kuma ya ƙona shukarsa. Ɗanka mai sauri kuwa, wanda ya sami lita ɗaya da rabi, in ya bi awonka lita 3 kaɗai zai ba gonar, ciyawa ta yi yaushi ta farfaɗo, a ce magani ba shi da kyau. Kun ga dalilin da ya sa maganar nan ta "gwangwani kaza a tanki" da a ke yi a bakin kasuwa ba abin dogara ba ce. Ka nemi ƙoƙon awo mai alamun mililita, ka keɓe shi domin wannan aiki kaɗai. Wanda lissafin ya rikice masa ya je wurin malamin gona, ko ɗan makaranta ya taimake shi da fensir.

Inji ɗaya, aiki biyu

Wani mutumin kirki da na sani ya ari inji domin ya fesa wa wakensa maganin ƙwari daidai lokacin fure. Ya ɗauraye shi sau ɗaya, ya ga ruwa ya fito garau, ya yi aikinsa. Ashe mai injin 2,4-D ya fesa wa shinkafa da shi. Ba a yi mako ba waken ya murɗe, fure ya zube, abin da ya sa rai zai biya kuɗin makaranta da shi ya tafi. Maganin nan ya kan shiga cikin roba da tiyo ya ɓuya, ɗan abin da ya rage kuwa ya isa ya lalata wake da auduga da tumatir.

Saboda haka wanda ya ke da hali ya ajiye inji biyu, ya shafa wa na ciyawa jan fenti yadda ko yaro zai gane. Idan ƙungiya ce ta saya, wannan ya fi sauƙi. Wanda ɗaya gare shi, ya wanke da ruwa da sabulu sau uku, kowane sau yana famfo ruwan ya bi tiyo da sanda, ya kwance matata da kan feshi ya wanke su dabam. Duk da haka, bayan 2,4-D ni ba zan kai shi gonar wake ko auduga ba. Mai ba da aro kuma hakki ne a kansa ya faɗi abin da ya zuba a ciki na ƙarshe, ko ba a tambaye shi ba.

Jikin mai feshi

Muna kiransa magani, amma dafi ne. Fata tana shansa, balle inda ta jiƙe da gumi ko ta yi rauni. Lokacin da ya fi hatsari shi ne sa'ad da a ke aunawa a ke damawa, gama a nan ne ya ke da cikakken ƙarfinsa. Sai a sa safar hannu ta roba, da takalmin ruwa, da dogon wando a bisa takalmin, da riga mai dogon hannu, a rufe hanci da baki, a tsare ido. Buhun leda da aka huda aka rataya a baya ƙarƙashin inji yana tsare yoyo. Ba a cin goro ko abinci a tsakiyar aiki. In an gama a yi wanka da sabulu, a wanke kayan aikin dabam, kada a haɗa su da na yara. Yara da mata masu ciki ko masu shayarwa ba su da rabo cikin wannan aiki.

A kan farakwat sai na ƙara jan kunne. A jikin kwalba za ku ga an rubuta shi paraquat, da yawa kuma sun san shi da sunan Gramoxone. Manoma suna sonsa domin yana ƙona ciyawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma kurɓi ɗaya yana iya kashe babban mutum, huhu ya ke lalatawa, ba shi kuwa da makari. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, a Nijeriya ma hukumar NAFDAC ta sanar a 2023 da shirin fid da shi daga kasuwa, shi da atirazin. Wanda ya ke da ragowarsa a gida ya kulle. Kada a juye kowane irin maganin feshi cikin kwalbar lemo ko ta ruwan sha, ta wannan hanya ce yara su kan sha shi. Idan tsautsayi ya faru, a garzaya asibiti nan da nan tare da kwalbar domin likita ya karanta, kada a tsaya ba da manja ko madara.

Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar cikin tanki ya tafi gona, sa'an nan a huda ta, domin kada wani ya tsinta ya zuba mai ko kunu. Ba a wankin inji a rafi, ko a bakin rijiya, ko inda dabbobi ke sha.

Sa'ad da damina ta wuce, ka wanke injin sarai, ka saki matsin da ya rage, ka buɗe murfi ya bushe. Ka rataye shi a inuwa inda yara ba su kaiwa, gama rana tana sa roba ta yi gautsi, ɓera kuma yana son tiyo. Ba a ɗakin kwana ba, ba kuma kusa da hatsi ba. Da bazara, tun hadari bai fara haɗuwa ba, ka sauko da shi ka gwada da ruwa, ka sayo robobi da sabon kan feshi a lokacin da kanti bai cika da masu nema ba tukuna.